Dubiya Daga Bakin Ƙofa

Tun da kamfanin inshora ya ɗaura wa kowa awarwaro a hannu, dubiya ta koma daga nesa. Duk wanda ya kusanci majinyaci, sai awarwaron ya sanar da kamfanin, kuɗin inshorarsa ya ƙaru.

Lantana ta durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta tura kwanon kunu da sanda.

"Sannu, Inna. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kar ki shigo, 'yar nan, kina da yara."

Rabon tsohuwar da abinci tun jiya. Ta ɗaga kwanon, ya suɓuce mata, kunun ya zube a tabarma. Lantana ta zabura za ta shiga, awarwaron ya yi ja, ya fara ƙara.

"Koma," in ji Inna. "Dama a ƙoshe nake."