Mai Ƙofa Biyu Ta Isa

"Wannan pickup ɗin za ta iya jan caravan, irin ɗakin kwanan nan mai taya?" Damaris ta tambayi Nashiru, mai sayar da motoci a unguwar Dagenham.

"Har da kaya a ciki, madam."

Dachung, wanda suka zo tare, yana tsaye gefe, hannuwa a aljihu. Ita ce ta duba tayoyi, ta taka birki.

Nashiru ya yi murmushi. "Oga, ku ɗauki mai ƙofa huɗu mana, yara su sake in za ku holiday."

"Mai ƙofa biyu ta isa," in ji Damaris. Ta miƙa wa Dachung makulli, ba ta dube shi ba. "A caravan ɗin zai zauna. Jiya kotu ta raba aurenmu. Ni dai ya isa lafiya."