Manomin da Ya Loda wa Ɓarawo Shanunsa

Tukur, tun da ka ce shawara ka zo nema kafin ka kai shanunka kara, gyara zama in ba ka wani misali, ka auna da kanka.

An yi wani manomi a wani ƙauye na bakin daji. Ba mai garke ba ne, 'yan shanu ne yake tarawa da abin da gona ta ba shi, bana maraƙi, baɗi karsana. Wata rana ɓarayin shanu suka faɗo wa makiyayar garin da rana tsaka a kan babura, suka kore duk abin da ke daji. Abin da ya tsira masa sai shanun huɗarsa biyu, ja da fari, don ran nan suna turke a gida, farin yana jinyar kofato. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje. Tun daga nan mutumin nan bai ƙara samun natsuwa ba. Ya tuge turken daga ƙofar gida ya kafa shi a bakin ɗakinsa, ya daina kai su rafi, matarsa ce ke jido musu ruwa a ka. Ko babur ɗin mai sayar da kifi ya ji, sai ya fito da gudu ya duba turke. Da abin ya ishe su, matar ta ce gara a sayar a ajiye kuɗin, in ƙura ta lafa a sayi wasu. Ya ga gaskiyarta. Ranar kasuwa ya wanke su, ya ba su dusa suka ƙoshi, ya ja su zuwa kara.

Bai daɗe da tsayuwa ba dillali ya kawo masa wani mutum mai farar babbar riga, da carbi a hannu, yana ƙamshin turare a tsakiyar kashin shanu. Mutumin ya shafa tozon jan, ya buɗe bakin farin ya duba haƙora, ya taya. Manomi ya ce albarka. Mutumin ya ƙara, ba tare da ja-in-ja ba, har ya wuce abin da manomi ya ƙudura a ransa, aka sallama. Sai mai saye ya ce shi ba ya yawo da tsabar kuɗi a wannan zamani, ta waya zai tura. Maganar ta yi wa manomi daɗi, don shi ma abin da yake tsoro ke nan, a tare shi a hanyar gida da kuɗi a aljihu. Ɗansa da ke birni ya taɓa buɗe masa asusu, lambar ma ya haddace ta. Jim kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Shi ba ya karatun boko, sai ya miƙa wa dillali, dillali ya duba ya ce, “Sun shigo, Baba. Allah ya sa albarka.” Aka zo lodi, shanun suka turje a gindin tirela. Yaran mota suka yi ta bugu, suka murɗa musu wutsiya, ko gezau. Manomi ya kasa jure ganin sanda a jikinsu, ya ce a dakata. Ya hau gaba ya kama igiya, ya yi musu irin kiran da yake yi musu a bakin gona, suka bi shi har cikin mota. Da hannunsa ya ɗaure su, ya sauko, ya yi wa mai saye addu'ar sauka lafiya.

Kashegari ya je shagon masu cire kuɗi. Mai shagon ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu abin da ya shigo, saƙon nan ma ba daga banki yake ba, daga wata waya aka rubuto shi. Manomi ya ce ko dai sabis ne ya riƙe? Mai shago ya tausaya masa, ya ce mai yiwuwa. Kasuwa ta zagayo ya koma kara. Dillali ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ran nan ya fara ganin mutumin, shi dai an ba shi la'adarsa a hannu. Sarkin kara ya tambaye shi, “Ƙwace maka aka yi, ko kai ka sallama?” Ya ce shi ya sallama. “Wa ya loda?” Ya ce shi ya loda. A ƙauye kuwa wannan karon ba wanda ya shigo jaje, sai dai in ya wuce a riƙa nuna shi da baki. Damina ta sauka, ciyawa ta fito ta cikin garmarsa a inda take jingine. Ya ɗauki fartanya da furfurarsa ya noma gefe guda na gonar da a da yake huɗe ta tun hantsi bai ɗaga ba, sauran ya bar wa tsidau. Har yau ba ya bari wayar nan ta mutu. Duk sanda ta yi ƙara sai ya yar da fartanya ya nemi mai karanta masa, a ce masa tallar kamfani ce, ya karɓa ya mayar aljihu.

To, Tukur, ba zan ce maka ka bar su a turke ba, don na san abin da ke daji. Ba kuma zan ce maka kara mafaka ce ba. Irin wannan Hausawa suka hango da suka ce, garin gudun gara aka faɗa gidan zago.