Ranar da Muka Fita Sahun Matalauta

"Baba, maganin kyauta ya ƙare," in ji ma'aikaciyar asibitin, ta turo masa katin matarsa ta taga.

Tsohon ya ce, "Kamar yaya, 'yata? Shekara shida ke nan ina karɓa mata na hawan jini a nan."

"Masu tallafin sun janye. Wai an sake lissafi, ƙasarmu ta koma sahun masu matsakaicin samu. Ba ka ji a rediyo ba? Har murna aka taya mu."

Ya zura hannu aljihu yana lalube, yatsansa ya leƙo ta huji.

"Madalla. To rubuta min wannan albishir a takarda in kai mata. Sau nawa za ta riƙa haɗiya a rana?"