Jirgin Kawu Mai Karkata

Wata la'asar, ina yaro, a kasuwar shanun Bawku, Kawu Issaka da ya dawo daga Turai yana ba da labarin jirgin ƙasa na lantarki. Wai ba ya rage gudu a kwana, karkata yake kamar mai babur. Mu da ko layin dogo ba mu taɓa gani ba! Aka yi ta dariya, ana ce masa maƙaryaci.

Ya juyo gare ni. "Kai dai ka yarda, ko?"

Ni da baki kamar reza, na ce, "Kawu, har sujada yana yi?"

Ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Bara na je Turai na shiga jirgin, ya karkata da ni. Wanda zan ba haƙuri kuwa ƙasa ta daɗe da rufe shi.