Lambar Sirrin Mujalla

Su biyu ne kacal ke tafiyar da mujallar a intanet. Ita ke tace waƙoƙi, shi kuma yana zaɓen labaran na'urori masu magana da duniyoyin da ba a taɓa zuwa ba. Ofishinsu teburi ne guda a bayan shagon ɗinkin yayarta.

Wata rana da hantsi ya shigo, bai zauna ba. Ya ajiye 'yar takarda kusa da kwamfutarta.

"Lambar sirrin shafinmu ce. An yi min canjin wurin aiki, wata mai zuwa zan tafi."

Ta dubi takardar, ba ta taɓa ta ba. "Can ɗin babu intanet ne, Malam Edita?"

"Akwai."

"To me ya kawo ajiye aiki?"

Ya murza makullin babur a hannunsa.

"Ba zan iya ganin saƙonki kullum ba, alhali kina nesa. Gara in bari gaba ɗaya. Sai dai in kin yarda in turo manyana."

Ta sunkuyar da kai, tana gyara waƙafin da ba ya buƙatar gyara.

"Shekara uku kana aika mutane duniyar wata, amma gidanmu da ke bayan layi ya gagare ka?"

"Wato kin yarda?"

"Abba yana gida ranar Asabar. Yanzu dai ja kujera, labari tara ke jiranka."

Ya zauna ya buɗe na farko. Sau uku yana karanta layi ɗaya bai gane komai ba.