Ranar da Komadugu Ya Dawo

Da Mujahid, ɗan kasuwar Damagaram, ya nemi aurenta, Karima ta ce sai ruwan gulbin Komadugu ya dawo za ta ba shi amsa.

Yau suna tafe kan shimfiɗaɗɗiyar hanya daga fadamar tattasai zuwa Diffa, sai ta tsaya cak. Ruwan farko ne ke rarrafowa bisa busasshen yashi, yana turo kumfa. Manoma sun ajiye fartanya.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali.

"Ya dawo, Karima."

Ta sauka gulbin, ta ɗebo ruwan a tafin hannunta.

"Kakata ta ce wanda ya sha ruwan farko ba ya barin garin nan. Ni ba ni zuwa Damagaram."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya ya sha.