Matuƙin da Ya Tashi da Mataccen Batir

Tunda ka ce gyaran motar zai jira sai ka dawo daga tafiya, zauna in ba ka misali, ƙanena.

Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela ɗaya da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da damina ke yanke wa hanya. Wata safiya aka aiko cewa katanga ta faɗa wa wani magidanci a hayin kogi, ta murƙushe masa ƙafa, in ba a kai shi asibitin birni a ranar ba, ƙafar ba za ta ɗoru ba. Matuƙi ya hau, ya murɗa makunni, jirgi ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Batir ya mutu. Akwai wani batirin a ajiye, amma kafin a kwance wannan a ɗaura wancan a gwada, hantsi ya dubi ludayi. Hankalinsa na can wajen mai ƙafa, sai ya sa aka turo masa injin ba da wuta na filin jirgi, wanda ake ja a kan tayoyi, aka jona masa waya. Murɗawa ɗaya farfela ta ɗauka. Ya ce a ransa, ai kafin ya isa, injin jirgin ya cika batirin. Sai da ya ci fiye da rabin hanya ya lura allurar caji tana kwance kamar an buga mata ƙusa. Ashe batirin lalacewa ya yi, ko an ba shi ba ya riƙewa. Ga shi kuma inda zai sauka fili ne na jar ƙasa a tsakanin gonakin dawa, ko turken lantarki babu. In ya kashe inji a can, babu mai tayar da shi. Ya lallashi kansa cewa ba zai kashe ba, a sa mara lafiya kawai ya juyo.

Ya sauka, ya bar farfela tana wulwulawa, ya duba gabas da yamma bai ga mara lafiya ba. Malamin asibitin ƙauyen ya matso dafe da hularsa, yana ɗaga murya saboda ƙara: "Ranka ya daɗe, kogi ya kawo! Suna hayi, mai kwalekwale ya ce sai ruwa ya ɗan lafa!" Matuƙi ya zauna, ido ɗaya a kan hanyar kogi, ɗaya a kan allurar mai da ke sauka sannu a hankali. Mutane suka fara taruwa kallo, yana ta yi musu hannu su ja baya kada farfela ta sare wani. Har mai ya kai iyakar abin da zai mayar da shi gida. In ya ci gaba da jira da inji a kunne, su faɗi a daji. In ya tashi, ya bar wanda ya zo dominsa. Ya yi bisimilla ya kashe, yana fatan ko batirin ya ɗan riƙe wani abu.

Farfela ba ta daɗe da tsayawa ba sai ga su, ɗauke da mutumin a kan ƙyauren ɗaki, matarsa na biye da ƙullin kaya a ka. Aka shigar da shi, aka rufe ƙofa. Matuƙi ya murɗa makunni. Ko ƙas ɗin safe bai samu ba. Ya sake, ya sake, a banza. Matar ta leƙo daga baya ta ce, "Malam, ba za mu tafi ba ne?" Rediyon jirgin ma ya mutu tare da batirin, sai babur aka tura kan tudu inda waya ke kamawa. Kafin wani jirgin ya iso da sabon batir, gari ya sake wayewa. Mutumin ya rayu, amma an yanke ƙafar daga gwiwa.

Ka ga, matuƙin nan mutumin kirki ne, tausayi ne ya hana shi jiran ɗan gyaran da ko azahar ba zai kai ba, ya je ya jira kwana guda. Shi ya sa Hausawa suka ce: sauri ya haifi nawa.